Takardar Baba Magini Tana Jikin Bango

A dogon hutun bara, ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta sami 'yan kuɗi daga hannun wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa wa. Ya ce a nemi abin da zai ɗauke yara daga gararambar titi na tsawon mako shida. Aka yi ta shawara, masu cewa kwamfuta na cewa, masu cewa ɗinki na cewa, daga ƙarshe aka tsaya a kan zane da aikin hannu, don shi ne kuɗin za su iya ɗauka. Aka ari aji biyu a wata firamare, aka kafa kwamitin mutum biyar da zai zaɓo malami. Ina cikin biyar ɗin.

Mutum biyu suka zo gabanmu. Na farko matashi ne mai digiri a fannin zane, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya zo da takardunsa a leda da kundin ayyukansa. Na biyu dattijo ne magini, wanda kusan duk tsohon soron da ke da ado a unguwarmu, in ba hannunsa ba ne to na mahaifinsa ne. Shi ba ma da kansa ya nemi aikin ba, wani ne ya je ya taso shi. Shugaban kwamiti ya gaishe shi cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, ko akwai wata 'yar takarda da za mu haɗa a fayil?" Dattijon ya ɗan yi shiru, ya ce, "Alhaji, in za ka koma gida ka bi ta layin masallaci, ka ɗaga kai a soro na uku. Takardar tana nan, sai dai ba ta ciruwa."

Muka yi dariya, muka yaba hikimarsa, muka ɗauki matashin. Aka yanke masa alawus na mako shida cur. Baba kuwa aka ce a gayyato shi rana guda ya nuna wa yara al'ada, a sallame shi da kuɗin goro. Na ɗaga hannu na goyi bayan wannan shawara, kuma tun daga lokacin take damuna. Ɗaukar matashin ba kuskure ba ne. Kuskuren shi ne yadda muka jera su, wato wannan malami, wancan abin kallo, ba tare da mun ga ko ɗayansu ya koyar da yaro na minti goma ba.

Bari in faɗi abin da idona ya gani, don kada a ce son tsofaffi ne ke magana. Matashin nan ya iya koyarwa. Ya ajiye bokiti da buta a kan tebur, ya ce kowa ya zana abin da yake gani, ba abin da ya sani ba. Yara duk suka zana bakin bokiti da'ira cikakkiya, sai ya sa su tsuguna su duba, su miƙe su sake dubawa, har suka gane da kansu cewa da'irar tana tsukewa in ido ya sauko. Ya nuna musu yadda shuɗi da ruwan ɗorawa ke haifar da kore. Duk wanda ya yi tambaya ya sami amsa, mace ko namiji. Amma a mako na uku kwali da fenti da buroshi suka ƙare, kuɗin saye kuma babu, sai aji ya koma allo da alli, yara suna kwafar bayani a littafi kamar darasin tarihi. A mako na huɗu wani uba ya zo ya janye 'ya'yansa biyu, saboda an sa su zana fuskar abokan zamansu.

Ranar Baba kuwa, ya iso da wani yaro ɗauke da kwanon kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bai shiga aji ba. Ya zagaya bayan ginin, ya yayyafa wa bango ruwa, ya yaɓa ƙasa, ya shafe da tafin hannu, ya fara fitar da dagi da yatsa da wata tsohuwar sakaina. Ban taɓa ganin yaran sun yi tsit irin na ranar ba. Sai wata yarinya ta ce, "Baba, me ya sa ka fara daga tsakiya?" Ya ce, "Haka ake yi." Wani yaro ya miƙa hannu zai taɓa, Baba ya maƙe masa hannu. Da ya gama, ya raba sauran ƙasar ga yara maza huɗu su gwada. Matan ko kallonsu bai yi ba.

To ka ga, kowane a cikinsu ya zo da abin da ɗayan ya rasa, kuma kowane ya zo da ciwon gidan da ya fito.

Gidan da Baba ya fito ya fi kowace makarantar zane a ƙasar nan tsufa. A Zariya har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, da bakan gizon da masu digirin gine-gine ke zuwa aunawa suna rubuta littattafai a kai. A Nijar, Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa da ƙasa da itace, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Babu ɗayansu da ya zauna a ajin zane. Yadda suka koya shi ne yadda Baba ya koya: yaro ya fara da ɗebo ruwa, ya koma cuɗa ƙasa da ƙafa, ya koma mulmula tubali, ya koma jefa wa na kan katanga, sai bayan shekaru a bar shi ya taɓa fuskar soro. Ba a yi masa lacca. Idonsa da hannunsa ne ke karatun, kuskure kuma tsawa ce ke gyara shi.

Masu raina wannan hanya suna cewa kwaikwayo ne kawai, babu ƙirƙira a ciki. Wanda ya faɗi haka bai zagaya cikin birnin Zariya ko Birnin Damagaram yana ɗaga kai ba. A jikin soraye akwai dagi da takobi, amma akwai keke, akwai agogo, akwai jirgin sama. Maginan da suka ga waɗannan abubuwa sun shigo duniyarsu sun ɗora su a bango ba tare da wani ya ba su izini ba. Da siminti ya zo, suka koyi yanka zane a jikinsa tun yana ɗanye, suka bi shi da fenti. Gado ne, amma gado mai tafiya.

Kuma ilimi ne mai saƙe da wasu ilimomi. Katsin da marini ya kwashe daga gindin rijiyar rini ba ya zuwa juji, magini ne ke karɓa ya haɗa da gashin da majemi ya kankare daga fata da ruwan dafara, a sami laso na shafe rufin soro. Ɓawon ɗorawa a mayar da shi makuba, a shafe bango don ruwan sama ya zame. Wanda ya san wannan ba ya tsayar da darasi don kwali ya ƙare, domin kayan aikinsa suna ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa kwamitin da ke da kuɗin mako shida ya yi tunani sau biyu.

In ma ƙirga ake, malaman zane mafi yawa a ƙasar Hausa ba a kiransu da wannan suna. Alaramman da ke fiƙe alƙalamin gamba, ya nuna wa almajiri yadda ake dama tawada da ƙaro, ya gyara masa zaman harafi a allo, daga ƙarshe a yi wa allon sauka zayyana mai launi, me yake koyarwa in ba daidaita layi da fili da launi ba? Matar da ke cikin gida tana ɗinkin hula, 'yan matan maƙwabta suna zaune gefenta suna ƙirga zare. Mai ɗinkin babbar riga da ke zana aska takwas a jikin yadi kafin allura ta bi. Mai saƙar faifai, mai zanen ƙwarya, baduku, mai ƙunshin amare. Duk sun yaye ɗalibai, kuma in aka buɗe cibiyar koyar da zane a unguwarsu, babu wanda zai tuna ya aika musu takardar gayyata, balle ta ɗaukar aiki.

Sai dai ba zan yi wa wannan gida kwaskwarima ba. Akwai ɓoye sani. Sau da yawa gwani yana riƙe sirrin haɗi har ya shiga kabari da shi, ko ya ba ɗansa na cikinsa ya hana ɗan haye. Akwai shekarun aike da ba su da alaƙa da sana'a, yaro ya zo koyon ɗinki ya ƙare da sayo wa uwargida cefane. Akwai duka. Akwai katangar da aka gina tsakanin sana'ar maza da ta mata, wadda ta sa Baba bai ga yarinyar da ta fi kowa lura ba, alhali ita kaɗai ta gane cewa daga tsakiya ya fara. Sannan akwai "haka ake yi", wadda ita ce ta fi ci mini rai. Baba ya san dalilin farawa daga tsakiya, don daga nan ne ake raba fili daidai kada zane ya karkace. Hannunsa ya sani. Bakinsa ne bai saba faɗa ba, domin shi ma ba a faɗa masa ba. Yaron yau kuwa, wanda ke da waya a aljihu, ba zai zauna shekara bakwai yana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Gidan da matashin ya fito shi ma yana da tarihinsa, kuma abin mamaki, tarihin yana goyon bayan Baba. An kawo sashen koyar da zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, mafi yawan malamansa kuma Turawa ne masu koyar da zane yadda ake yi a Ingila. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su zubar da abin da suka taso suka gani a gida ba. Za su karɓi dabarun Turawa, su haɗa da na iyayensu. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma wurin mahaifiyarsa ya nemi sani. Waɗannan su ne suka zama manyan masu zanen Najeriya. Ashe makarantar zane mafi suna a Arewa ta yi suna ne da ɗaliban da suka koma wurin tsofaffin da ba su da takarda. Yau kuma mu, da ke da irin waɗannan tsofaffi a layinmu, muna tambayarsu abin da za a haɗa a fayil.

Abin da jami'a ke bai wa ɗalibi ba ƙarami ba ne. Tana ba shi harshen bayyana abin da yake yi, tana nuna masa ayyukan wasu ƙasashe da wasu zamunna, tana koya masa tsara darasi daga sauƙi zuwa wuya. Ka ɗauki rini. Marinin Ƙofar Mata a Kano ya san rijiya ta nuna daga kumfarta da warinta, abin da babu littafin da zai koya maka. Amma in yaro ya tambaye shi me ya sa zane ke fitowa daga rijiya kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi a idonka, mai karatu ne zai ce masa iska ce ke haɗuwa da sinadarin baba, shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a sake tsomawa. Yaron da ya sami duka biyun ya fi marinin, ya kuma fi mai karatun.

Raunin jami'a kuwa shi ne takan yaye mutum ya saba da kayan shago da ɗakin aiki, ya kuma manta da mutanen da zai koma cikinsu. Batun zanen fuska da ya sa uban nan ya janye 'ya'yansa ba sabon abu ba ne. Hadisan da suka yi gargaɗi kan surar abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, malamai sun yi bayani mai faɗi a kan iyakokinsu, kuma iyaye da yawa sun zaɓi su nisanta gaba ɗaya. Ko mene ne ra'ayin malamin zane a kan wannan, wajibinsa ne ya san da shi kafin ya shiga aji a unguwa irin tamu. Matashinmu ɗan gari ne, amma shekara huɗu na zana mutum a jami'a sun sa ya ɗauka daga nan kowa ke farawa. Baba ba zai taɓa faɗawa wannan rami ba. Duk abin da ake so yaro ya koya na ma'auni da daidaito da haske da inuwa, ana iya koya masa da dagi da zayyana da ganye da buta, ba tare da an shiga rigima da kowa ba.

Labarin da ya fi zauna mini a rai a wannan batu shi ne na Ladi Kwali, matar da ke bayan takardar naira ashirin tana ginin tukunya. Bagwariya ce daga Kwali, wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, da hannu, ba na'ura. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta saboda kyansu, kuma a gidansa ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganinsu. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, wanda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, Ladi kuma ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya yumɓu a kan faifan na'ura, ta koyi shafa ruwan ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Amma ba ta bar manyan randunanta na hannu ba, da ƙadangaru da kifaye da kunamu da take tsagawa a jikinsu. Daga baya ita ce aka riƙa kaiwa Ingila da Amurka tana gina tukunya a gaban ɗalibai da malamansu. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna a 1984.

Abin lura a nan, Cardew bai ɗauke ta a matsayin wadda ba ta san komai ba. Ya ga gwana, ya ƙara mata abin da ba ta da shi, shi ma ya ƙaru da ita. Ba na cewa komai ya tafi daidai. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa ta yi tauri ta yi nauyi, ta daina sanyaya ruwa, ta yi tsadar da matar ƙauye ba za ta saya ba, sai ta koma kayan adon falon masu kuɗi. Wannan ma darasi ne ga duk mai shigo da sabuwar dabara. Amma tambayar da nake yi wa kaina ita ce: da Ladi Kwali ce ta zo gaban kwamitinmu a 1953, kafin kowa ya san sunanta a waje, me za mu yi? Na san amsar. Za mu gayyace ta rana guda.

Akwai kuma wata hanya ta uku da aka gwada a Osogbo. A 1964 wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta tara matasa, da yawansu 'yan wasan kwaikwayo na ƙungiyar Duro Ladipo, ta ba su takarda da fenti, ba ta kafa musu dokokin zane ba, sai dai ta duba abin da kowa ya yi ta ƙarfafa masa gwiwa a kan abin da ya fito daga gare shi. Daga nan masu zane irin su Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh suka fito. Masu shirya bita suna son wannan labari, don yana nuna kamar kwana kaɗan sun isa. Suna mantawa da cewa bayan bitar an ci gaba da zama da waɗannan matasa shekaru, ana sama musu kayan aiki da wurin aiki da masu saye.

Wannan ya kawo ni ga irin malamin da ya fi yawa a zamaninmu, wanda ba ɗan gado ba ne, ba kuma lalle mai digirin zane ba: malamin bita. Duk mun san shirin. A tara mata ko matasa ɗari biyu a babban ɗaki, a koya musu rini da haɗa jaka da duwatsun ado da sabulu a cikin mako biyu, a ɗauki hoto da babban baƙo, a raba takardar shaida. Sau da yawa shi kansa mai koyarwar a wata bitar ya koya, ko a bidiyon waya. Ba na raina waya. Na ga 'yan mata masu zanen lalle da suka ɗauko salo daga Instagram suka haɗa da na gida, hannunsu kuma ya faɗa, domin kullum suna yi, amare suna biya, wadda ta ɓata kuma ba a sake kiranta. Wannan makaranta ce mai jarrabawa ta gaske. Abin da nake ƙi shi ne mutumin da bai taɓa sayar da aikin hannunsa ba, bai taɓa yaye kowa ba, amma shi ke karɓar kwangilar koyarwa saboda ya iya rubuta takardar neman aiki. A tsakanin Baba da matashinmu akwai gardama mai ma'ana. Wannan na uku shi ke cinye kuɗin da ya kamata su biyun su raba.

Ra'ayina a taƙaice ba mai wuya ba ne. Duk ƙungiya ko ƙaramar hukuma ko mai taimako da zai ɗauki malamin zane don yaran unguwa, ya ajiye fayil gefe tukuna. A ba mai nema kayan aiki ya yi abu a gaban mutane. A zaunar masa da yara uku na awa guda a ga yadda zai yi da su, musamman wanda ya fi jinkirin ganewa. A ce ya kawo mutum ɗaya da ya koya a hannunsa, a ga aikin wannan mutum. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da mun yi haka, da mun ga ƙarfin matashinmu a awa ta farko, da mun kuma ga inda Baba ke buƙatar gyara, da ba mu raba su gida biyu ba.

Domin abin da ya dace shi ne a ɗauke su tare, a biya su daidai, a kira kowannensu malam. A gindaya wa dattijo sharaɗi a fili, cikin girmamawa: ba duka, mata da maza duk ɗalibai ne, tambaya kuma a amsa ta. A gindaya wa matashi nasa: ya cire takalmi ya shiga cuɗa ƙasa tare da yara, ya riƙe littafi yana rubuta sunan kowane zane da yadda ake auna shi, in Baba ya ce "haka ake yi" shi ya tono dalilin ya faɗa wa yara. Ba tafinta nake so ya zama ba. Ɗalibi nake so ya zama da safe, malami da yamma.

Za a ce gwamnati ba ta biyan albashi sai da takarda, kuma doka ta ce mai koyarwa a makaranta ya mallaki aƙalla shaidar NCE ya kuma yi rajista da hukumar malamai. Gaskiya ne, kuma ban ce a rushe wannan ba. Amma ajin hutu na unguwa da cibiyar mata da zauren matasa ba su ƙarƙashin wannan doka, mu ne muka ɗora wa kanmu ita don mun saba. Ko a wajen gwamnatin ma ƙofa ba a rufe take ruf ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin gwada mai sana'a a kan abin da ya riga ya iya, a ba shi shaida ko bai taɓa zama a aji ba. In ana yi wa makanike da mai walda, ban ga abin da zai hana a yi wa mai zanen soro da mai ɗinkin hula ba. Japan tun 1955 take zaɓo gwanayen sana'o'in gargajiya, yanzu kuma tana ba su kuɗi duk shekara don su ci gaba da aiki su kuma yaye magada. Mu ba mu kai nan ba, amma alawus na mako shida bai fi ƙarfinmu ba.

Za a kuma ce tsofaffin nan ba za su saki sirri ba ko an biya su. Wasu ba za su saki ba. Amma a tuna dalilin riƙon. Mutumin da ba shi da fansho, ba shi da gona mai yawa, abin da ke kansa shi ne jarinsa, don me zai zazzage shi a rana ɗaya a kan kuɗin goro, ga wanda zai je ya buɗe shago kusa da nasa? Mun yi masa tayin wulaƙanci, sannan muna zarginsa da rowa. A yi masa tayin mutunci a gani. Yawancin waɗanda na sani, abin da ke cin ransu ba kishiya ba ce a sana'a, rashin magaji ne, don 'ya'yansu sun koma tuƙa a-daidaita-sahu, masu gina sababbin gidaje kuma tayil suke mannawa a fuskar gida.

Bana mai taimakon ya sake turo kuɗi. Kafin kwamiti ya zauna na je gidan Baba da kaina, na same shi a zaure yana gyara carbi. Na faɗa masa abin da nake so in kai gaban kwamiti, har da sharuɗɗan, ban ɓoye ko ɗaya ba. Batun duka ya yi dariya ya ce ai ƙarfin ma ya ƙare. Batun mata ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wannan yarinyar mai tambaya, 'yar gidan wa ce?" Da na ambaci mako shida kuwa sai ya girgiza kai. "Ɗana, a mako shida ko cuɗa ƙasa ba a iya ba. In dai da gaske kuke, in hutu ya ƙare ku bar mini uku daga cikinsu, Asabar da Lahadi."

Na kai maganar. Matashin, wanda na ji tsoron zai ga an rage masa matsayi, shi ya fara amincewa, ya ce dama tun bara yake son komawa wurin dattijon, kunya ta hana shi. Mutum biyu a kwamiti suna tare da ni. Shugaba yana ganin raba alawus biyu zai sa kowa ya tashi da kaɗan. Ma'aji kuma ya buɗe littafinsa ya ce shi ba ya jayayya, amma a gaya masa a wane gurbi zai rubuta sunan Baba, domin fom ɗin da mai taimakon ya aiko yana da layin da aka rubuta matakin karatu, kuma an ce kada a bar shi fayau. An ɗage zaman zuwa Lahadi mai zuwa bayan la'asar.